Me ya sa hotona ke sauya launi a kwamfutar wani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗaukar hoto ce sana'ata, kuma da Lightroom da Photoshop nake gyara. A monitata hoto yakan fito tsaf, amma da na tura sai wani kwastoma ya ce fuskoki sun yi duhu, wani ya ce fata ta yi ja. Ko a laftof ɗina ma launin daban yake. Makon jiya an dawo mini da aiki gaba ɗaya. Wani abokin sana'a ya ce in ajiye wayata kusa da monitar in yi ta juya saiti har su zo ɗaya. Don Allah a taimaka kafin kwastomomi su guje ni.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, da alama ba hannunka ne ya lalace ba, monitarka ce take yi maka ƙarya. Duhun fuskar nan kusan kullum daga wuri ɗaya yake fitowa: allo mai haske fiye da kima. Monitoci da yawa suna zuwa daga kamfani da hasken da ya haura kandela (ma'aunin ƙarfin haske) 250 a murabba'in mita, alhali aikin gyara yana son 100 zuwa 120. Kai kana ganin hoton ya haskaka sai ka rage, fayil ɗin kuwa ya tafi da duhunsa. Da ka leƙa histogiram, wato jadawalin da ke nuna rabon haske da duhu a hoto, da ka ga komai ya taru a hagu, ɓangaren duhu.

Amma shawarar abokinka ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji irinta. Wai a daidaita monita da ido, a kuma ɗauki waya a matsayin ma'auni. Wace wayar? Wadda ke ƙara haske da rage shi da kanta gwargwadon hasken ɗaki? IPhone tana da True Tone da ke sauya launin fari ba tare da ta nemi izininka ba, da Night Shift da ke mayar da allo ruwan ɗorawa da dare. Wayoyin Samsung da yawa a kan saitin da ke zuzuta launi suke zuwa. Tun daga iPhone 7 a 2016 allon nata Display P3 ne, wanda ke nuna ja da kore masu ƙarfin da monita ta yau da kullum ba za ta iya ba. Ka kwana kana juya maɓalli, ba za su zo ɗaya ba.

Shi kansa idon ba abin dogara ba ne a nan. Kalli farar takarda a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa, cikin 'yan mintuna ƙwaƙwalwarka za ta ce maka fara ce fat. Haka take yi da monitar da ta karkata zuwa shuɗi: ka saba, ka daina ganin shuɗin, ka yi ta ƙara wa fata ɗumi, kwastoma ya buɗe ya ga mutane jajur. Ido ya ƙware wajen kwatanta abu biyu da ke jere, amma auna launi ba aikinsa ba ne. Sannan ga masu rarraba furofayil a intanet, wato ƙaramin fayil da ke bayyana wa kwamfuta yadda allo ke nuna launi, su ce sauke wannan, na samfurin monitarka ne, an gama. Monitoci biyu samfuri ɗaya, da aka ƙera rana ɗaya, ba sa ba da launi iri ɗaya, kuma taka tana sauyawa da tsufa. Sa tabarau ɗin likita na wani ke nan don kawai shekarunku ɗaya. Mafi muni a cikinsu shi ne wanda zai ce ka gyara hoton har ya yi kyau a allon kwastoman da ya yi ƙorafi. To na biyun fa? Ka ɓata asalin aikinka saboda allo ɗaya da ba ka taɓa aunawa ba.

Abin da ke aiki shi ne na'urar auna launi, irin Spyder ta Datacolor ko ta Calibrite. Ana rataya ta a fuskar allo, manhaja ta nuna mata launuka ta auna, ta haɗa furofayil ɗin ICC na wannan monitar taka ita kaɗai. Bar monitar ta yi kamar minti 30 a kunne tukuna, ka kashe Night Light idan Windows ce, ka sa fari a D65, wato kusan Kelbin 6500, saitin gamma (yadda haske ke hawa daga baƙi zuwa fari) 2.2, haske kandela 120. Ka riƙa maimaitawa duk wata ɗaya ko biyu. Idan sayen ta ya yi maka nauyi, ku haɗa kuɗi da abokan sana'a, na'ura ɗaya ta ishe ku. Manhajar DisplayCAL ma, wadda ake amfani da ita tare da na'urar, kyauta ce. Kuma kada ka yi gyara rana na dukan allon ta taga.

Sai fitar da fayil. Duk abin da za a kalla a allo, fitar da shi a sRGB, ma'aunin launin da HP da Microsoft suka fito da shi a 1996, kuma ka tabbata furofayil ɗin yana maƙale a cikin fayil ɗin. Hoton Adobe RGB (wani ma'aunin launi da ya fi sRGB faɗi) da ya faɗa hannun manhajar da ba ta kula da furofayil yakan fito a koɗe, hoton sRGB marar furofayil kuma a allo mai faɗin launi yakan yi ja fiye da kima. A Photoshop ka yi amfani da Convert to Profile. Maƙwabcinsa Assign Profile suna kawai yake sauyawa, lambobin launin na nan yadda suke, shi ya sa hoto ke rikicewa nan take. Kada kuma ka taɓa mayar da furofayil ɗin monitarka filin aiki, wato ma'aunin launin da Photoshop ke gyara hoto a cikinsa.

Laftof ɗinka, idan allonta nau'in TN ne ba nau'in IPS ba, ko kanka ka sunkuyar launi zai sauya, don haka kada ka yanke hukunci a kanta. Shi kuma kwastoman da ya dawo da aiki, bayan ka auna monitarka ka sake fitar masa, ka roƙe shi ya kashe saitin dare, ya buɗe hoton a na'ura ta biyu kafin ya kira ka.