Amsar Gwaggo kan karatun lauya

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce kin samu gurbin karatun lauya a Jami'ar Bayero, amma Baffanki ya ce mace ta tsaya gaban alƙali tana ja-in-ja da maza ba al'adarmu ba ce. Kina tambaya ko haka abin yake.

Baffanki bai faɗi ƙarya ba, haka muka taso a karkarar Ringim. Amma ki sani, a wancan zamanin ko ƙuri'a ba mu da ita. Matan Arewa ba su jefa ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha ɗauri da duka a kan maganar. Waɗanda suka zage ta jiya, jikokinsu ne yau ke aiko mota a kwashi matan gida ranar zaɓe. Babu mai cewa an taɓa al'ada.

Ta fannin shari'a kuwa, ki riƙe sunan Mai Shari'a Mariam Aloma Mukhtar. Ita ce lauya mace ta farko daga Arewa, ta yi karatunta a Ingila, ta dawo ta kama aiki a 1967. A 1977 ta hau kujerar Babbar Kotun Kano, a 1987 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a 2005 Kotun Ƙoli, har ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012. Shekara 45 ke nan tana hawa mataki-mataki, 'yata, ba dare ɗaya ba.

Inda zan ba Baffanki gaskiya shi ne, malamanmu na Malikiyya sun shardanta alƙalin kotun Musulunci ya zama namiji. Wannan na nan, ban taɓa shi ba. Amma lauya wakili ne, ba mai yanke hukunci ba. Mata nawa aka cinye wa gonar gado a garin nan, ko aka saka ba ciyarwa, suka haɗiye saboda kunyar buɗe cikinsu ga namiji? Abin nan yana ci mini rai. Da akwai 'yar'uwa mace da ta san doka, da sun yi magana.

Kada ki yi gardama da shi, kada kuma ki tura masa saƙo ta waya. A gidanmu yaro ba ya kai wa babba irin wannan magana da bakinsa. Ki bar mini. Ranar Juma'a bayan an sauko zan je wurinsa, in kuma roƙi Liman ya sa baki. Ke dai ki haɗa takardunki, ki tambayo mini kuɗin rajista da maganar ɗakin kwanan ɗalibai mata, don abin da zai fara tambaya ke nan.