Kaso 20 a kan ciwon suga: a fara duba ƙafafun

Tambaya: Barista, na yi shekara 9 a sojan Amurka. Hukumar tsofaffin sojoji ta VA ta yanka min kaso 20 cikin ɗari na diyyar naƙasa a kan ciwon suga, alhali kullum ina allurar insulin. Da daddare ƙafafuna zogi suke kamar an barbaɗa barkono, silifas ma yakan fita ban sani ba. In ɗaukaka ƙara?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Kaso 20 shi ne abin da ƙa'idar VA ta ciwon suga, mai lamba 7913, ta tanadar wa mai allura ko ƙwaya tare da takatsantsan da abinci. Kafin a kai 40 sai an haɗa insulin, ƙayyade abinci, da umarnin likita na barin aikin ƙarfi. A wannan na ukun ake kayar da mutane. "Ni na daina da kaina" ba ya karɓuwa, tun 2007 kotun tsofaffin sojoji ta ce sai da shaidar likita. Abin haushi ma, likitoci sun fi cewa a motsa jiki, VA kuwa ta riƙe hakan hujja.

Ni a ganina haƙƙinka yana ƙafafun nan. Lalacewar jijiya da suga ya haifar daban ake auna ta, kowace ƙafa da nata kason, galibi a ƙa'ida ta 8520. In zogi da mutuwar jiki ne kaɗai, ba ya wuce 20 a ƙafa. Sai an ga raunin tsoka ake hawa sama. Lissafinsu kuma ba na kasuwa ba ne: 20 sau uku (na suga da na kowace ƙafa), har da ɗan ƙarin da ake yi wa ƙafa biyu, 50 yake bayarwa, ba 60 ba.

Tun Fabrairun 2019 ƙofa uku ce. Ko babban jami'i ya sake duba fayil, amma ba ya karɓar sabuwar shaida, don haka ba ta dace da kai ba. Ko ka je gaban alƙalin hukumar ɗaukaka ƙara, sai dai akwai jira. Ni ƙofa ta uku zan bi, wato neman a sake duba buƙatar da sabuwar shaida: fom 20-0995 zan cike, in haɗa da gwajin jijiya da takardar likita mai cewa suga ne sanadi. In ba ka taɓa neman na ƙafa ba, sabuwar buƙata ce a fom 21-526EZ.

Duba kwanan watan wasiƙar hukuncin yau ɗin nan. Shekara ɗaya gare ka; ta wuce, kuɗin baya na iya salwanta. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV kyauta suke taya cike fom.