Yaya, ga yadda muke yi idan yaro ya ce a nuna masa Allah

Assalamu alaikum Yaya. Sau uku na saurari saƙonka kafin in zauna ba ka amsa. Ka ce an gaya maka 'ya'yanmu a Ingila suna buɗe baki su ce ina hujjar akwai Allah, mu kuma mu zuba musu ido, ko tsawa babu. Gaskiya aka gaya maka, sai dai ba a kai maka labarin ƙarshe ba.

Fara duba inda muke zaune. A ƙidayar 2021, kashi 37 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales sun ce ba su da addini, Kiristoci suka sauko ƙasa da rabi, mu Musulmi kuwa kashi shida da rabi ne. A Kano yaro yana tashi kiran salla na zuwa masa ta gabas da yamma, yana iya yin furfura bai gamu da mai cewa babu Allah ba. Nan Manchester abokin zamansa a aji ne zai faɗa masa, cikin fara'a, suna cin abincin rana. A darasin addinai ma ana ba su hujjojin masu imani da na masu musu, a ce su auna su rubuta.

'Yarka ta fari tana shekara goma sha uku ta shigo wata ranar hunturu, ƙarfe huɗu gari ya riga ya yi duhu. Ko rigar sanyi ba ta cire ba ta tsaya a ƙofar kicin, uwarta na tuƙa tuwo, ta ce, "Baba, idan Allah ne ya halicci komai, shi wa ya halicce shi? Kuma me ya sa ba a ganinsa?" Na ga muciya ta tsaya cak a tukunya. Wallahi Yaya, gabana ya faɗi, abin da ya fara zuwa bakina shi ne a'uzubillahi. Amma na kalli idonta na ga tsoro ne a ciki, ba raini ba. Ta daɗe tana ɗauke da abin ita kaɗai.

Na zaunar da ita na karanta mata aya ta 260 a Baƙara, inda Annabi Ibrahim, Khalilullahi guda, ya roƙi Ubangiji ya nuna masa yadda yake raya matattu, don zuciyarsa ta natsu. Ba a kore shi ba, an amsa masa. Na gaya mata sahabbai sun kai wa Manzon Allah (SAW) kukan wasiwasin da suke jin nauyin furtawa, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. A nan ta fashe da kuka.

Hujja kam muna bayarwa. Akwai tambayar Suratuɗ Ɗur: an halicce su ne ba daga komai ba, ko su ne masu halittar? Akwai maganar Balaraben ƙauye da muka ji tun muna allo, cewa kashin raƙumi shaida ne raƙumi ya wuce, sawu kuma shaidar matafiyi. Amma ba ma yi wa yara ƙaryar cewa za a kama Allah a ɗakin gwaji. Mai neman a auna masa Mahalicci da ma'aunin halitta ya ɗauko mudun da ba na wannan hatsin ba. Baƙara tun farkonta ta yabi masu imani da gaibu, kuma da ana gani da ido ai da ba a kira shi gaibu ba. Haka nan ba ma ce musu duk wanda bai yi imani ba mugu ne, don maƙwabciyarmu da ta raka uwarsu asibiti cikin dare ba ta da addini, kuma yaran sun sani.

Kada ka ɗauka wannan sabon abu ne muka koya wurin Turawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya ja da malaman da ke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin tauhidi ba. Imanin Inna, wadda ba ta taɓa tambaya ba, ingantacce ne. Jikarta kuwa an jefa mata tambayar, dole a ba ta amsa. Idan na rufe mata baki, wayarta na aljihu, kuma a can akwai masu jiran ta dare da rana.

Shi ya sa a Islamiyyarmu ta Asabar da Lahadi muka roƙi malam ya riƙa ware lokaci bayan hadda, yara su rubuta tambaya a takarda ba suna, a jefa a kwali. Wasu takardun idan an buɗe sai ka ga dattawa sun sunkuyar da kai. Ba duka muke cin nasara ba, akwai gidajen da ɗa ya bar salla, iyaye na kuka, amma ba mu yarda a rufe masa ƙofa ba.

'Yar taka har yau tana tambaya, wani lokacin sai na ce ta ba ni mako in bincika. Ta ce idan mun zo hutu tana da guda biyu da ta ajiye maka. Ka gaida Inna da su Yaya Babba.