Huhu da sashen gobe-da-nisa: amsa ga ƙaninmu likita

Wa'alaikumus salam, Likita. Ka ce ka kusa gama bautar ƙasa, ranka ya kwanta da cututtukan huhu da jinyar waɗanda numfashi ya gagara, sai dai kana tsoron bincike ba zai yiwu ba inda babu kayan aiki.

Tukuna, a nan gida fannonin biyu ba a haɗe suke ba. A Amurka ne ake yin shekara 3 a cututtukan manya, a ƙara 3 a huhu da kulawa ta musamman lokaci guda. A yawancin asibitocinmu na koyarwa, sashen gobe-da-nisa yana hannun likitocin allurar barci, mu na huhu kiranmu ake yi mu duba. Jarrabawa kuwa ka san ta: ta share fage, kashi na ɗaya, kashi na biyu da kundin bincike, a kwalejin ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. In kana son na'urar numfashi ta zauna maka a hannu, ka roƙi a tura ka wajensu na wasu watanni, kuma ka bi ma'aikatan jinyar sashen sau da ƙafa, don sun fi mu sanin halinta.

Batun bincike ne nake so in tsaya a kai. A 1967 Thomas Petty da David Ashbaugh da abokan aikinsu a birnin Denba na Amurka suka bayyana cutar da yau ake kira ARDS, wato mummunar gazawar huhu ta farat ɗaya, a mujallar Lancet. Majinyata 12 ne kacal. Sun lura cewa mutanen da abubuwa daban-daban suka kwantar, wani haɗari, wani cutar ƙwayoyin cuta, huhunsu yana sandarewa iri ɗaya, oksijin ya ƙi hawa. Ido ne da rubuta abin da aka gani. Ko babban gwajin da aka wallafa a shekarar 2000 kan masu wannan cuta ba sabon magani ya kawo ba: an rage iskar da na'ura ke hurawa daga mililita 12 zuwa 6 a kowane kilo na nauyin jiki, mace-mace suka sauka daga kusan kashi 40 zuwa 31 cikin ɗari.

To mu fa? A asibitin da nake, kullum sai na ga wanda ya gama maganin tarin fuka na wata 6, majina ta nuna ba ƙwayar cuta, amma ba ya iya takawa zuwa masallaci sai da haki. Wasu har an sake ɗora su a kan maganin, alhali tabon huhu ne. Ga iyayenmu mata da ba su taɓa riƙe sigari ba, hayaƙin itace ya toshe musu hanyoyin iska. Ga asma da ke tashi da hunturu. Duk waɗannan, da na'urar auna numfashi guda, da littafin rajista mai tsabta, da izinin kwamitin ɗa'a, ka samu kundinka. Abin da ke kashe bincikenmu fayil ne da ba a cika ba, da majinyacin da ya tafi ba lambar waya.

Kuma ka shawarci iyalinka kafin ka shiga. Kiran dare ba ya ƙarewa, wata rana kuma gado ɗaya ne ya rage, majinyata biyu na jira, kai za ka fita ka yi wa dangi bayani. Allah Ya yi jagora.