Ɗana ba ya jituwa da gyaɗa da jatan lande, ga shi an gayyace mu gidan abincin Maleshiya

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. A Landan muke zaune, kuma ɗana mai shekara tara yana da alajin gyaɗa da na jatan lande, har asibiti sun ba mu allurar adrenalin guda biyu. Abokin aikin maigidana, mutumin Maleshiya, ya gayyace mu walima a wani gidan abincinsu, kuma tun da na ji hankalina bai kwanta ba. Surukata ta ce in riƙe manja da madara a jaka, wai su ne magani idan abin ya tashi. Shin mu je, ko mu ba da haƙuri?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Damuwarki tana kan hanya, domin abubuwa biyun da kika ambata suna cikin ginshiƙan girkin mutanen Maleshiya da maƙwabtansu. Gyaɗar ba ta da wuyar ganewa: ita ce miyar da ake tsoma satay, wato tsirensu, kuma soyayyarta tana gefen farantin nasi lemak, shinkafar nan da ake dafawa da madarar kwakwa, tare da ƙananan busassun kifi da ƙwai da kokwamba. Jatan landen ne ke ɓuya. Suna da wani abu mai suna belacan, ƙananan jatan lande da ake cakuɗawa da gishiri, a bar su su ruɓa, a daka, a shanya. Mutanen Indunusiya suna ce masa terasi, na Tailan kuma kapi. Matsayinsa a girkinsu shi ne matsayin daddawa a miyarmu, ba a ganinsa a kwano, kuma mai girki ba ya lissafa shi cikin kayan abinci don ya saba da shi. Yana cikin yawancin sambal, jan yajin da ake zubawa a gefen kusan kowane abinci, yana shiga romon laksa, wato taliyarsu mai romo, har ganyen da za ki ɗauka ganye ne zalla da shi ake soya shi. Alamar halal a ƙofa kuwa tana magana ne kan alade da giya da yanka, ba ruwanta da alaji.

Dokar Birtaniya tana tare da ke. Tun daga Disambar 2014 wajibi ne gidan abinci ya iya faɗa miki ko girkinsa ya ƙunshi ɗaya daga cikin abubuwa 14 masu tayar da alaji, kuma gyaɗa da dangin jatan lande suna cikinsu. A 2016 wata kotu a Ingila ta ɗaure wani mai gidan abincin Indiya shekara shida, bayan wani mutum ya mutu sakamakon garin gyaɗa mai araha da aka zuba a miya a madadin garin almon, alhali ya faɗa musu ba ya cin gyaɗa. Saboda haka ki buga musu waya kwana ɗaya kafin walimar, ki nemi mai girkin da kansa, ki ambaci belacan da udang (jatan lande) da kacang tanah (gyaɗa) da sunayensu, sannan ki tambaya ko kasko ɗaya da man suya ɗaya ake amfani da su ga komai. Idan amsar ta zo da kame-kame, yaron ya ci abincinsa a gida kafin ku fita.

Sai maganar manja da madara, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarki, domin kusan kullum sai na ji irinta. Ina girmama surukarki, na kuma san ƙauna ce ta sa ta faɗa, amma wannan shawara tana iya kashe jikanta. Alaji ba guba ba ce da ke kwance a ciki har a ce wani abu zai tsarma ta ko ya lulluɓe ta. Garkuwar jikin yaron ce ke yin bore, jijiyoyin jini su saki, hawan jini ya faɗi, maƙogwaro ya kumbura, hanyar numfashi ta tsuke, duk a cikin mintuna. Yaron da maƙogwaronsa ke rufewa, idan aka ɗura masa manja, an ƙara masa haɗarin shaƙewa ne a kan wanda yake ciki, an kuma ɓata mintunan da ya kamata a ce allura ta shiga jikinsa.

Na gaji da masu sayar da jiƙe-jiƙe a WhatsApp da ke cewa suna wanke jini daga alaji, da masu cewa a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan a gida har ya saba, da masu cewa wuta tana kashe abin. Sinadarin da ke tayar da alajin jatan lande yana jure zafi, haka ma na gyaɗa. Tafasa da suya ba sa kawar da haɗarinsa. Akwai kuma iyaye masu ilimi, wasunsu ma ma'aikatan lafiya, da ke tsoron allurar su ba da Piriton, maganin ƙaiƙayin alaji, su zauna suna jira. Piriton yana rage ƙaiƙayi da borin jini a fata, amma ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jinin da ya faɗi, kuma kafin ya fara aiki lokaci ya ƙure. Allurar da aka yi ba tare da buƙata ba, galibi iyakarta bugun zuciya da rawar jiki na ɗan lokaci. Jinkirta ta kuwa yana cikin abubuwan da aka fi samu a tarihin waɗanda suka rasu.

Da zarar kin ga muryarsa ta dishe, ko numfashi ya yi wuya, ko harshe ya kumbura, ko jiri ya kama shi, ki soka allurar a gefen cinyarsa ta waje, ko da ta kan wando ne. Ki kira 999 ki ce anafilaksis ne, wato alaji mai tsanani, ki kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya matsa ya zauna, amma kada ya miƙe ko ya taka zuwa mota. Idan minti biyar ya wuce babu sauƙi, ki yi ta biyun. Ko ya warware sarai, sai an kai shi asibiti, domin abin yana iya dawowa bayan wasu sa'o'i. Kafin ranar walimar ki duba ko wa'adin alluran bai ƙare ba, kuma ki nuna wa maigidanki da surukarki yadda ake yin ta.