Amsa ga mai tambaya kan ƙirga igiyoyin Elliott

Ɗan'uwa, ka ce wata biyu kenan da ka fara koyon tiredin, wato saye da sayarwa a kasuwannin kuɗi ta intanet, kana tambaya ko ƙirga igiyoyin Elliott zai nuna maka inda farashi zai nufa. To ni dai na jima ina fama da shi, bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Shi Ralph Nelson Elliott akanta ne ɗan Amurka, rashin lafiya ce ta zaunar da shi ya dinga nazarin tsofaffin zanen farashin hannun jari, har ya fitar da littafinsa a 1938. Abin da ya lura shi ne kasuwa ba ta tafiya a miƙe, in za ta hau sai ta yi igiya biyar, ta 1 da ta 3 da ta 5 su ne masu turawa gaba, ta 2 da ta 4 ja da baya ne kaɗan, daga nan sai gyara ya biyo da igiya uku, A, B, C. Kuma kowace igiya in ka buɗe cikinta za ka tarar da ƙananan irinta, nan ne kan sabon shiga ke ɗaurewa wallahi.

Dokoki uku ka fara haddacewa. Ta 2 ba ta wuce mafarin ta 1. Ta 3 ba ta zama mafi gajarta cikin masu turawan nan uku, sau da yawa ma ita ce doguwa. Ta 4 kuma ba ta shiga filin ta 1.

Dokar farkon nan ce na taka na ji a jikina. Wani dare ina kallon zanen farashin gwal na minti 15, wato wanda kowane kyandir (sandar da ke nuna motsin farashi) ke wakiltar minti 15, na ga farashi ya ja baya da kashi 61.8 cikin ɗari na tsawon ta 1, ɗaya daga matakan Fibonacci da ake auna ja da baya da su, na ce shikenan ta 3 za ta tashi, na saya. Wani jan kyandir dogo ya sauko ya keta ƙasan mafarin ta 1, ka ga ƙirgata ta rushe kenan, amma maimakon in fita sai na goge lambobin na sake jera su yadda za su ba ni gaskiya, na kuma janye sitof-los ɗina ƙasa, wato farashin da na sa cinikin ya rufe kansa in asara ta kai can. Kafin gari ya waye rabin akawun ya tafi.

Tun ranar na daina ɗaukar ƙirga a matsayin duba. Mutum biyu ƙwararru za su kalli zane ɗaya kowa ya ƙirga daban, amfaninta a wurina shi ne tana nuna min daidai wurin da in farashi ya taɓa, to na yi kuskure, in fita ba gardama.

Don haka ka bar su minti 5 da 15 ɗin nan tukuna, hayaniya ta yi musu yawa. Buɗe zanen kwana ɗaya ko na awa 4 a TradingView, shafin da ake kallon zanen farashi, ka koma baya ka ƙirga abin da ya riga ya wuce, in tsarin bai fito fili ba kar ka tilasta masa. Sannan ka zauna a demo, wato akawun gwaji da ba kuɗin gaske a ciki, kana rubuta ƙirgarka da inda za ta rushe tun kafin ka danna saye.