An rage ma'aikata, shin wariya aka nuna mini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara bakwai ina aikin lissafi a wani kamfanin kayan gini a nan Maradi. Wata biyu da dawowata daga hutun haihuwa sai aka ce kasuwa ta yi sanyi, aka sallame mu mu tara, shida daga ciki mata. Wanda aka bari a teburina bai cika shekara biyu da zuwa ba. Shin wannan wariya ce, kuma ina zan dosa? Daga wata mai karatu, unguwar Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya raya abin da aka samu. Yawan matan da ke cikin jerin abin lura ne, amma shi kaɗai ba ya zama hujja, domin idan sashen da aka rufe galibinsa mata ne, kamfani zai kare kansa da wannan cikin sauƙi. Abin da ya fi nauyi a wasiƙarki shi ne mutumin da aka bari a teburinki.

Dokar ƙwadago ta Nijar ta 25 ga Satumba 2012, a sashe na 5, ta hana mai kamfani la'akari da jinsi, shekaru, addini, launin fata, naƙasa, cutar sikila ko zama ɗan ƙungiyar ƙwadago wajen ɗaukar ma'aikaci ko sallamarsa. Sannan rage ma'aikata saboda matsin tattalin arziki yana da nasa tsari: dole a zauna da wakilan ma'aikata tare da sufeton ƙwadago kafin a sallami kowa, a gabatar da dalilai, da jerin sunaye, da ma'aunin da aka bi. Ma'aunin kuwa shi ne ƙwarewa, cancanta da daɗewa a aiki. Saboda haka tambayar da za ki riƙe ita ce: da me wanda bai cika shekara biyu da zuwa ba ya fi ki, tunda a daɗewa kin sha gabansa? Idan yana da wata takardar ilimi ko wani aiki da ba ki iya ba, zargin ya yi rauni, kuma gara ki san haka tun yanzu. Idan babu, kamfani ne ke da sauran bayani.

Ki tattara takardar sallama, takardun albashi, shaidar rajistarki a CNSS (asusun ƙasa na fansho da inshorar ma'aikata), da duk wani saƙon WhatsApp da aka ambaci cikinki ko hutunki. Maganar baka irin ta "mai goyo ba ta iya wannan aikin" tana da amfani ne kawai idan akwai wanda ya ji kuma ya yarda ya faɗa, kuma a garin da kowa ɗan'uwan kowa ne, samun irin wannan mai shaida ba ƙaramin aiki ba ne.

Ki fara da ofishin sufeton ƙwadago na Maradi, inda ake neman sulhu, in abin ya faskara sai kotu. Kada ki sa hannu a kan takardar da ta ce kin karɓi dukkan haƙƙinki kafin sufeto ya duba lissafin. Ki kuma sa ido: idan aka ɗauki sabon mutum a gurbinki nan ba da jimawa ba, ki rubuta ranar ki kai wa sufeto.